Ya Isa Ko Bai Isa Ba

Ranar Talata

Daga Babban Darakta, Hukumar Jarrabawar Ɗaukar Akantoci, zuwa ga dogon ɗalibin nan da ke kwana a shagon mai gyaran waya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta manya ga na ƙasa da su, muna fatan kana cikin ƙoshin lafiya. MUNA SANAR DA KAI CEWA MUN SOKE SUNANKA DAGA JARRABAWAR ASABAR.

Ga dalili. Labari ya iso mana cewa tun Lahadi ka fice daga gida da jaka da buroshi, ka kashe waya, ka ce ka fasa. Wai don ka gwada kanka a ɗaki ka ci shida cikin ashirin a tambayoyin rabon kuɗi. Mun ga takardar. Ƙarƙashin katifa ba maɓoya ba ce a wurin hukuma.

Ka tuna wannan? Mutum uku sun raba kuɗi. Na farko ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku, na biyu ya ɗauki rabin abin da ya rage, na uku ya kwashe saura. Nawa na uku ya samu? Bayani na ɗaya: rabon na biyu da na uku daidai yake. Bayani na biyu: na farko ya samu dubu shida. Ba wanda ya ce ka faɗi amsa. Abin da aka tambaye ka kawai, wane bayani ne ya isa a gane amsar.

'Yan leƙen asirinmu sun shaida cewa makon jiya ka zube maɓallan ɗinkin mahaifiyarka a tabarma ka koya wa ƙaninka wannan tambaya, yaron da bai wuce allo ba. Ka ce bayani na ɗaya maimaicin abin da aka riga aka sani ne, na biyu shi kaɗai ya wadatar. Ko numfashi ba ka ja ba. Amma da an ajiye maka agogo sai ka rikice, ka kama lissafa rabon kowa har ɗan canji, kana tauna biro kana zufa, lokaci ya ƙare kana kan tambaya ta bakwai. Matsalarka agogo ce, malam, ba ƙwaƙwalwa ba.

In kana da ja, ka zo ofis da ƙafarka kafin azahar ɗin Alhamis, lokacin da ake rufe dangwala yatsa. Ka biya ta gida tukuna. Mahaifiyarka tana ajiye maka abinci kullum, ƙaninka yana cinyewa don kada mahaifinku ya gane, kuma cikin yaron ya fara gajiya.

Ka huta lafiya a kan bencinka. A gaida sauro.

Babban Darakta, da hatiminsa.

Ranar Laraba

Daga Babban Darakta kuma.

Assalamu alaikum. Muna gaisuwa, muna fatan wannan ta same ka lafiya, ta kuma same ka kafin ka hau mota. Injin buga takardunmu ya lalace, shi ya sa ka ga ta zo da rubutun allo.

Mai gyaran waya ya zo gida, wato ofis. Ya ce da ya miƙa maka wasiƙarmu ka dubi hatimi, ka karanta layin manyan baƙaƙe, ka ninke ta ka sa aljihu. Ba ka karanta sauran ba. Ya ce ko faɗa ba ka yi ba, cewa ka yi dama ka san haka za a ƙare. Daga nan ka wuce garejin tireloli, ka shirya da wani direba za ku tashi gobe da sassafe, kai ne mai rubuta masa kaya.

Hukuma ba haka ta zata ba. Mun san ka da zuciya, an taɓa ɗaukar maka takalmi ka bi mutum har bayan layi. Mun ɗauka za ka taso ofis a fusace, a ce maka sunanka yana nan, ka dangwala yatsa cikin fushin, shi ke nan.

A tsakar gida mai gyaran waya ya yi bayaninsa, kuma Baba yana ɗaki. Da Baba ya ji, bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya sa hula ya zauna a ƙofar gida, har yanzu bai buɗe shagon kafinta ba, mai kujeru ya zo ya koma sau biyu. Inna ta sha maganin hawan jininta ta kwanta, fuskarta ga bango. Anti ta kira tana tambaya ko za a dawo da kuɗin rajista. Ka san yadda aka haɗa shi: Baba rabi, Anti kashi ɗaya cikin uku, Inna ta cike da adashinta. Baba ya karɓi wayar ya ce shi ba rabinsa yake nema ba. Ya ce yana so ya ga ɗansa ya shiga ɗakin nan ya zauna, ko sifili zai ci ya ci a zaune.

To ga tambaya irin taku, ba agogo. An soke ka? Bayani na ɗaya: takarda mai hatimi. Bayani na biyu: layi ɗaya da manyan baƙaƙe. Ka haɗa su duka biyun, sun isa mutum ya bar uwarsa ya bi tirela?

Yaya, ba su isa ba. Wace hukuma ce take gaida sauro?

Ni ne. Hatimin murfin kwalbar maganin Inna ne da tawadata. Mai buga takardu na bakin titi na faɗa wa yana bugawa yana dariya, ni ma ina dariya. Yau ban yi ba. Na je ofishin da kaina, na roƙi mai gadi ya duba min allon sunaye, ya ɗora yatsa a kan naka. Yana nan, ba wanda ya taɓa shi. Baba bai san ni na rubuta ba, kai na fara gaya wa, in na miƙa wannan zan je in durƙusa gabansa.

Gobe kafin motarku ta tashi za ka same ni a ƙofar gareji da katinka na jarrabawa. Ba zan gudu ba, ba zan kare kaina ba. Ka dake ni son ranka, amma don Allah da hagu. Babban yatsan dama muna bukatarsa lafiya kafin azahar.

Inna tana gaishe ka, ko da ba ta ce ba.

Ƙaninka Auta, wanda kake kira Kan Tulu.