Na'urar da Babu Ita Tukuna

Ingila, 9 ga Maris, 1997

Ƙanwata Munawwara,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar Baba, yana iya leƙa kasuwar shanu kuwa? Ki gaida Hajja da mutanen Gadaka.

Kin ce Baba ya kwashe geronsa ya share shagon ƙofar gida, yana gaya wa mutane zan dawo in koyar da buga kwamfuta. Kowa haka yake zato. Munawwara, kwamfutar da muke ƙerawa babu ita a duniya tukuna. So muke ƙwayar zarra ta yi lissafi, amma ɗan zafi ko girgiza sai ta watsar da komai kafin ƙiftawar ido. Shekara uku ke nan ina kallon haka.

Lafiyata ƙalau. Yatsuna biyu da ruwan sanyaya na'ura ya ƙona saboda tsananin sanyinsa sun daina ciwo, sai dai ba sa jin alƙalami. Kada Hajja ta ji. In ba mu sami sakamako kafin Satumba ba, za a rufe ɗakin bincikenmu, in dawo hannu Rabbana. Ki lallaɓa Baba ya mayar da geronsa shagon.

Kin tambaya ko ki cike fiziks a fom ɗin jami'a. Da lokacin da nake koyarwa a Potiskum ne, da nan take na ce e. Yanzu kuwa, ɗauki allura ki tsayar da ita kan tsininta a faranti. Za ta faɗi. Ki sake har sau ɗari. In hannunki ya nemi na ɗari da ɗaya, ki cike, Allah ya yi miki albarka.

Yayanki,
Safiyanu