Rigar Baba a Cikin Kan Sarki

Krakow, Nuwamba 1921

Mama,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar taki? Yayana Wincenty ya gyara rufin kuwa? Ni lafiya lau, tarin nan da nake yi ƙurar tsumma ce kawai.

Kin tambayi rigar marigayi Baba, mai jan zare a wuya. Mama, ba ta nan. Aikinmu a masana'anta tsince tsumma, a niƙa, a yi takardar kan sarki. Ran nan kwandona bai cika ba, sai mai duba mu ya ce, "Ki cika, ko ki koma ƙauyenku." Na cusa ta a kwandon.

Ki yafe mini. Akwai ɗan jan zare a cikin kan sarkin wasiƙar nan. Ban ce nata ba ne, amma kada ki jefar.

'Yarki,
Genowefa