Sunan 'Yar Fari

Rano, farkon damina

Zuwa ga Yaya Malam Halliru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Jannatu da yara da ɗalibanka. Mu nan lafiya lau, sai ruwa da ya tasa katangar bayan gida a gaba.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Na san kai da waya ba kwa ga-maciji, ni ma kwanan nan ta fita daga raina. Gwadabe mai babur zai miƙa maka takardar nan tare da 'yar taka. Na turo ta Unguwar Gai ta sha iska, don ni ta kai ni bango. Ta kwana biyu ba ta zuwa makaranta, boko da Islamiyya duka. Ta shige ɗaki ta juya wa duniya baya, abinci ma sai na yi da gaske.

Abin kuwa bai taka kara ya karya ba. Ka san i'inar da take yi tun tana ƙarama, wadda in ta hau karatun Alƙur'ani sai ka neme ta ka rasa. To, ranar walimar Islamiyyarsu ta yi karatu har ana kabbara, sai Malam Shitu, shugaban makarantar, ya ce ta yi jawabin godiya ga iyaye. Nan fa harshe ya ƙi. Kalmar "jama'a" ta tsaya mata, tana ja-ja-ja har aka karɓe lasifikar. Ramlat, 'yar Hajiyar da muke katanga ɗaya, ta ɗauka a waya. Yara suka ɗora kukan akuya a kai suna ta tura wa juna, in ta fito su bi ta da "Ja-ja-ja".

Na ce ta yi haƙuri, wa ya girma ba a tsokane shi ba? Wayar da babanta ya saya mata don ya riƙa jin muryarta daga Fatakwal kuwa, na ƙwace na kulle a akwati.

Ka yi mata faɗa irin naka, ka yi mata rubutu ta sha. Jarrabawa ta ƙarato, ba na so ta yi asarar shekara.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Rakiya

*

Unguwar Gai, Kibiya

Zuwa ga ƙanwata Rakiya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya same ki cikin aminci. Ihsan ta iso lafiya, kuma na karanta takardarki.

Na yi mata nasiha, na yi rubutun ta sha. Amma akwai abin da ba ki faɗa mini ba. Kin ce ta ƙi makaranta, ba ki ce ta daina magana ba. Tun da ta sauka daga babur ba wanda ya ji muryarta a gidan nan. Takan durƙusa ta gaishe ni da ka. Tana taya Jannatu aiki, tana bin ta gonar gyaɗa cirar ciyawa, ba gardama, ba ƙiwa. Da farko na ɗauka kunyar baƙunta ce.

Shekaranjiya na miƙa mata Alƙur'ani na ce ta karanta wa ɗalibaina su ji yadda ake fitar da haruffa, ina nufin in ƙarfafa mata gwiwa. Ta buɗe, leɓenta suna motsi, ba sauti. Sai hawaye, ta yi maza ta rufe don kada ya ɗiga a takarda. Wallahi, Rakiya, na tsorata.

Kuma turo ta ƙauye da kika yi, ba ki lura da abu guda ba: gidan nan cike yake da awaki. Duk sanda ɗaya ta yi kuka sai yarinyar nan ta ƙanƙame jikinta. Na sa an mayar da turken bayan gida.

Wannan ba taurin kai ba ne, ba kuma aikin iska ba ne. Ciwo ne aka ji mata. Shawarata ki shiga wajen Hajiya ku yi magana ta iyaye, sannan ki ga Malam Shitu. In abin ya ƙi, akwai Hisba, suna sulhunta irin wannan. Ki kuma gaya mini ranar da ta yi shiru, da abin da ya faru a ranar.

Allah Ya ba ta lafiya. Wassalam.
Yayanki, Halliru

*

Rano

Yaya Malam,

Sallama da gaisuwa. Na ga saƙonka.

Amma tsakani da Allah, ni in ɗauki mayafi in shiga gidan Hajiya in kai ƙarar 'yarta saboda tawa? Tawa ma ta fari, wadda ko sunanta ban taɓa kamawa ba? Da wane ido zan kalli matan unguwa? Matar nan ita ta yi mini wankan jego lokacin da na haifi 'yar taka. Ka manta tarbiyyar Iya? In yaronka ya yi faɗa da na maƙwabta, naka za ka fara duka, ko shi ke da gaskiya. Haka aka yi mana, ga mu nan ba mu mutu ba. Balle Hisba, a ce Rakiya ta tara wa maƙwabciyarta jama'a a kan wasan yara.

Ka tambayi ranar da ta yi shiru. Ranar sunan jikar Hajiya ce. Da safe mun yi magana, har ta tambaye ni inda na ajiye babban faranti. Da muka dawo da yamma ta shige ɗaki, shi ke nan. Ban san abin da aka yi mata a can ba.

Abu ɗaya zan faɗa maka, kada ka faɗa wa kowa. Jiya na buɗe akwatin na kunna wayar. Saƙonni suka yi ta shigowa kamar an ɓalle buhun gero. 'Yan ajinsu ne, da waɗansu da ba ta ma san su ba, har daga Kano. Wani ya rubuta wai gara ta zama bebiya kowa ya huta. Ashe abin da take karantawa ke nan ita kaɗai a ɗaki, ni ina tsakar gida ina ce mata raguwa. Na kashe na mayar. Ban san wa zan nuna wa ba.

Gidan ya yi mini faɗi. Ƙannenta sai tambaya suke yi. Ka ce ina gaishe ta, in ka ga ya dace.

Rakiya

*

Unguwar Gai

Rakiya,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Jannatu ta je biki cikin Kibiya, sai wata mata da ba ta san dangantakarmu ba ta nuna mata abin dariya a waya. Ba hoton walimar ba ne, wani ne na biyu, an ɗauke shi a gidan suna. Jannatu ta karɓo ta kawo mini, na kalla, ni da ban saba kallon waya ba.

Mata ne zaune a tabarma suna kallon i'inar Ihsan suna shewa. Wata ta miƙo miki wayar. Kika kalla, kika yi dariya, kika ce, "Ai haka take, sai a kwana ba ta gama sallama ba." Aka sake fashewa. A gefen hoton, bakin ƙofa, ga Ihsan tsaye da farantin shinkafa a hannu. Tana kallonki. Sai ta sunkuya ta ajiye farantin a hankali ta juya. Ke ba ki gan ta ba.

Na san wannan dariyar. Ba ta mugunta ba ce, kara ce kika yi wa mai gida da baƙinta, don kada a ce kin ji haushi saboda 'yar fari. Ni na sani, ke kin sani. Yarinya 'yar shekara goma sha huɗu ba ta sani ba, waɗanda suke tura hoton ma ba su sani ba. A ƙasa sun rubuta: har uwarta.

Kin kawo zancen Iya, Allah Ya jiƙanta. Ni ne ɗan farinta, bari in gaya miki abin da ke ba ki ɗanɗana ba. Da yara suka fasa mini kai a dandali, na shigo da jini, ta kawar da fuska ta ce wa maƙwabciya, "Duba mini wancan." Ranar da za ta cika ta kira ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku ta sa muku albarka. Da ta zo kaina ta ce, "Shi ma Allah Ya yi masa." Na san tana sona. Amma ga furfura a gemuna, har yau ina jin wurin.

Kuma ni a zamanina in na shigo gida tsokana ta tsaya a waje. Ita tata tana biyo ta har kan katifa. In duniya ta taru a kan yaro, ya waiwaya bai ga uwarsa a bayansa ba, ina zai sa kansa? Na yi shekaru ina karantarwa, ban ga inda aka hana uwa kiran sunan ɗanta ko tsaya masa ba. Al'ada ce, tana da kyawunta, amma ba a kan wannan ba.

Ba zan sake yi mata rubutu ba. Maganin ba a allona yake ba.

Ki gafarce ni in na yi zafi. Wassalam.
Halliru

*

Rano, bayan an fara cirar gyaɗa

Yaya,

Sallama. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Takardarka ta kwantar da ni, na rasa hannun rubutu. Farantin nan ni na ɗauko shi daga bakin ƙofa ranar, har ina faɗan wane sakarai ne ya ajiye abinci a hanya.

Na shiga wajen Hajiya. Ta saurare ni ta ce, "Rakiya, a kan 'yar fari kike wannan rawar jiki? Ina kunyarki?" Na ce ta ƙare. Daga nan na wuce wajen Malam Shitu da wayar, na ce ya karanta da idonsa. Bai kai rabi ba ya cire tabarau yana salati. Ya ce shi ya miƙa mata lasifikar, kuma bai taɓa sanin abin ya kai haka ba. Ya tara iyaye ranar Alhamis.

Yaya, na miƙe a gaban maza da mata. Na buɗe baki in faɗi sunan, ya ƙi fita. Shekara goma sha huɗu yana cikin ƙirjina, bai san hanyar baki ba. Na tsaya ina i-i-i, mutane suna kallona, wata ta fara murmushi. A nan na san abin da yarinyar nan take ji kullum. Na runtse ido na ce, "Ihsan 'yata ce. Ni na haife ta. An taru an kashe mata murya, har da ni. Duk mai hoton nan a wayarsa, ban yafe ba sai ya goge."

Tsofaffi suka rufe baki. Ramlat ta fashe da kuka, ta ce ita wasa ta ɗauka, mutum uku kawai ta tura wa. An sa yaran sun goge a gabanmu, an ce kowane uba ya riƙa duba wayar ɗansa, duk yaron da aka tsokana kuma ya zo ya faɗa, ba za a ƙwace wayarsa ba. Amma Malam Shitu bai ɓoye mini ba, ya ce wanda ya riga ya fita gari ba mai iya dawo da shi.

Hajiya ta daina amsa gaisuwata ta kan katanga. Jarrabawa kuma an yi an gama, shekarar ta tafi. Duk ban damu ba. Muryar nake so.

Ka karanta mata wannan, ko ka ba ta ta karanta. Ka tambayar mini ita ko in zo. In ta ce a'a, ba zan ga laifinta ba.

Ƙanwarka, Rakiya

*

Unguwar Gai

Umma,

Assalamu alaikum. Ina wuni. Ina gaida ƙannena su Sagiru.

Kawu ya ba ni takardar. Na karanta wajen sunana sau da yawa.

Ba zan iya dawowa Rano yanzu ba. Maganar ma ba ta dawo ba. Ina gwadawa a gona in ba kowa, wani lokaci tana ɗan fitowa.

Mutanen makaranta sun ji kin faɗa. Ni ban ji ba. Ki zo ki kira ni.

In na fara amsawa na tsaya, don Allah kada ki ce in bari, kada kuma ki ƙarasa mini. Ki jira.

'Yarki,
Ihsan