Fentin mai ba ya jin ruwa

Yaya,

Jaka, allon zane, buroshi biyu. Su na ɗauka na fita kana barci.

Sauran ukun na tsinta a bokitin wanki, gashinsu ya sandare kamar tsintsiya. Ashe da su ka shafe ƙofar gida jiya, ka tsoma su a ruwa. Fentin mai ba ya jin ruwa, na sha gaya maka. Da su na dawo daga karatu, nan babu irinsu. Yau zan miƙa zanen wani da ya ba ni aiki, ban gama fuskar ba.

Ka jiƙa su a kananzir, ka wanke da sabulu, ka rataye su kai ƙasa. Kada ka kankare da wuƙa.

Na kulle ɗakin zane, makullin yana aljihuna. Aro ya ƙare daga yau.