Yayana Ya Ɗage Tabarmar Ina Kan Ruwa

Inna Fuatino, don Allah ki taimake ni kafin ranar Lahadi, don idan ba a sami mai riƙe ni ba zan aikata abin da har jikokina sai sun ji a jikinsu. Ni mai saƙar tabarma ce, ban saba kai kukana jarida ba. Amma duk wanda zan gaya wa a ƙauyenmu ko ɗan'uwa ne ko suruki, kuma kowa ya riga ya zaɓi ɓangarensa.

Ɗana Ioelu mai nutso ne. Da kifin da yake harbowa yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa biyu, har da ni. A watan jiya yana cikin ruwa, ga jarkarsa ta alama tana yawo a sama kowa na gani, sai wani Kelemete na ƙauyen gaba da mu ya biyo da kwale-kwale mai inji a guje, ya sha ya yi tatul da rana tsaka. Farfela ta ci hannun ɗana na dama. Kelemete bai ko tsaya ba, wasu masunta ne suka tsamo Ioelu. A asibitin Apia, babban birninmu da ke tsallaken teku, aka yanke hannun daga gwiwa.

Na san dangin Kelemete za su zo da ifoga, wato ban-haƙurin al'adarmu, wa zai yi irin wannan ɓarna ya zauna? Shi ya sa kafin in hau jirgin fito in bi ɗana, na riƙe yayana Esekia, shi ne mai riƙe da sarautar gidanmu. Na ce masa idan sun zo sun durƙusa sun rufa da tabarma, kada a ɗage ta a ce an yafe sai ina tsaye a wurin. Ya dafa kaina ya ce, “Ƙanwata, ko narkewa za su yi a ƙofar gidan nan, ba mai taɓa tabarmar sai kin zo kin ce a taɓa.” Na yarda. Mutumin da tun muna yara ba ya sa hannu a abinci sai na ci, me zai sa in yi shakkarsa?

Ran da suka zo, maƙwabciyata ta kira ni da sassafe. Na bar Ioelu da matarsa, na yi ta sauri har takalmina ya tsinke a tashar jirgin fito. Ina isowa na tarar an gama. An ɗage tabarma, an yi jawabai, fasto ya yi addu'a, suna zaune cikin gidanmu ana ba su gwaza da kifi. Kifin ma na saye ne, tunda mai kamo mana yana kwance. Matan gidanmu har da dariya, ana ta miƙa ruwan wanke hannu.

Hujjar Esekia ita ce wai kakar Kelemete ce a ƙarƙashin tabarmar tare da shugaban danginsu, tsohuwa tukuf, tun asuba kanta a sunkuye, rana ta take har ta fara tangaɗi. Wai kuma samarinmu sun taru a bayan gida da adduna da duwatsu, yana jin wasa adda daga inda yake zaune. Da na tare shi sai cewa ya yi, “To me kike so, tsohuwa ta mutu mana a ƙofar gida?” Ni kuwa na san da gangan suka kawo ta, don sun san ba mai iya kallonta a rana. Shi kansa mai laifin ba ya wurin. Sun tura shi wajen 'yan'uwansu a tsibirin Upolu, yana can yana shan iska.

Inna, ki fahimce ni. Ban ce da na zo da na bar tsohuwa ta gasu ba. Wataƙila da hannuna zan ɗage. Abin da nake so kawai in tsaya a kansu, in ga sun sunkuya saboda ɗana, in ji a raina cewa ni na ba da. Wannan kaɗai ya rage mini a cikin lamarin, yayana ya ɗauka ya yi kyauta da shi.

Abin da ya ƙarasa ni kuma, da aka warware tabarmar ana nuna wa jama'a, sai na gane ta. Tawa ce. Ni na saƙa ta don bikin naɗin Esekia, har idona ya fara ciwo, aka ba da ita a taron, ta yi ta yawo gidajen biki da na makoki har ta faɗa hannunsu. An canza mata jajayen gashin tsuntsun da ke bakinta, amma akwai wata kusurwa da saƙar ta ɗan karkace, inda Ioelu yana rarrafe ya finciki zaren. Da wane hannu kike jin ya fincika? Na nuna wa Esekia, ya yi ta zare ido, wai shi duk tabarmi iri ɗaya yake ganinsu. Haka maza suke, su dai a ba su su yi jawabi a kai.

Yanzu an sa Lahadi bayan an taso daga coci dangi biyu za su ci abinci tare, ni kuma in zauna kusa da tsohuwar ina murmushi. Abin da na shirya shi ne ranar Asabar in naɗe tabarmar in kai musu ƙofar gida in ajiye. Na san ma'anarsa: an ƙi ban-haƙurin, gaba ta dawo. 'Ya'yan Esekia ma cewa suke, “Gwaggo, ke dai ki ɗaga gira kawai.” Ioelu ba ya magana sosai, yana koyon cin abinci da hagu, rabi a baki rabi a riga. Da na ba shi labari, abin da ya tambaya kawai shi ne, “Shi ya zo?” Na san Kelemete yake nufi, na ce a'a. Ya juya wa bango fuska.

In mayar, ko in haɗiye?

Wadda ba a jira ba, tsibirin Savai'i

*

'Yar'uwata, na karanta wasiƙarki na ajiye, na sake ɗauka. Allah ya ba Ioelu lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Yayanki ya saɓa alkawari, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Ya yi alkawarin da bai tabbatar zai iya riƙewa ba, kuma wayar da maƙwabciya ta same ki da ita, shi ma yana da irinta. Da ya kira ki kina kan ruwa ya ce ga halin da ake ciki, da bakinki za ki ba da izini, da ba mu zo nan ba. Sannan da kika iso, haƙuri ya kamata ya ba ki, sai ya tare ki da tambaya. Ki same shi ku biyu, ba a gaban yara ba, ki gaya masa haka. Wanda ya iya karɓar ban-haƙurin wani gida, ya iya ba ƙanwarsa.

Amma ki dubi abin da ke gabansa a safiyar nan. Tsohuwa na tangaɗi, 'ya'yansa na wasa adda. Da ta faɗi, ko da dutse ɗaya ya tashi, da yau gidanku ne a ƙarƙashin tabarma a ƙofar wasu. Ko da gangan suka kawo ta, ranar da ta doke ta ba ta wasa ba ce. Abin da ya ɗage shi ne zubar da jini. Yafewarki tana nan a hannunki, ba wanda ya isa ya ba da ita a madadinki, kuma maganar hukuma tana nan daram.

Kada ki mayar da tabarmar. Samarin da ke jiran girarki su za su kwana a kurkuku ko a kabari, kuma hannun Ioelu ba zai tsiro ba. Ki karɓe ta daga ɗakin yayanki ki adana wa 'ya'yan Ioelu, aikin hannunki ne.

Ga inda nake so ki zuba fushinki. Duk wannan taro an yi shi ne ba tare da mutum biyun da abin ya shafa ba. Ɗanki bai tambayi wa ya ɗage ba, mutum ɗaya ya tambaya. Ki ce wa Esekia za ki zauna cin abincin ne kawai bayan an kawo Kelemete asibiti, ba kaka, ba mai jawabi, ba abin rufe kai. Ya zauna a bakin gado ya dubi dungun nan da idonsa, ya faɗi abin da zai faɗa da bakinsa, ya kuma faɗi yadda kifi zai riƙa shiga gidan nan. Idan ba su shirya ba, a ɗaga Lahadin, akwai wata a gaba. Yayanki ne zai kai wannan saƙo, kuma da shi zai gyara abin da ya ɓata tsakaninku.

Ranar da yaron ya zo, ki tsaya a ƙofar ɗaki ki yi shiru, ko da bakinki na ƙaiƙayi. Ke an hana ki naki, kin ji yadda yake. Kada ki hana Ioelu nasa.

Ina yi muku fatan sauƙi da zaman lafiya, ke da gidanki duka.

Inna Fuatino