Rasuwar Don Telmo Barrientos, Kwandastan Jirgin Safe, da Abin da Ya Hana Mu Zuwa Jana'izarsa

ƘUNGIYAR FASINJOJI MASU BUƘATA TA MUSAMMAN TA LAYIN PASO DEL SAUCE
Ofishin Yaɗa Labarai, Villa Amparo

Cikin alhini mai nauyi, da zukatan da har yanzu ba su koma mazauninsu ba, Ƙungiyar Fasinjoji Masu Buƙata ta Musamman ta Layin Paso del Sauce, ƙarƙashin jagorancin Shugabarta, Malama Doña Ofelia Carranza, tsohuwar shugabar makarantar firamare ta Villa Amparo, ta samu labarin rasuwar uba a gare mu kuma abokin tafiyarmu, Don Telmo Barrientos Luna, babban kwandastan jirgin safe na wannan layi, wanda Allah Ya yi wa cikawa da yammacin Lahadin makon jiya a gidansa da ke Paso del Sauce, bayan bugun zuciya da ya same shi yana ba tumatirinsa ruwa a bayan gida. A madadin Shugaba, da kwamitin zartarwa, da ɗaukacin mambobinmu na kowace tasha, muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa, Doña Herminia Zalazar de Barrientos, da 'ya'yansa Griselda da Noemí, da jikokinsa, da abokan aikinsa na ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa, da duk wanda ya taɓa jin usur ɗinsa da safe ya san cewa ba za a tafi a bar shi ba.

Marigayin ya shiga aikin jirgin ƙasa yana saurayi, da sharar taragai ya fara, ya kai ga duba tikiti, har ya zama kwandasta, kuma a kan wannan layi ya yi furfura. Ya ga lokacin da gwamnati ke tafiyar da jirgin da kanta, ya ga lokacin da ta miƙa shi ga kamfani a kan kwangila, ya ga yadda aka rufe ofisoshin ƙananan tashoshi ɗaya bayan ɗaya, har tasharmu ta Villa Amparo ta zama dakali da rumfa da agogon da ya tsaya. A irin waɗannan tashoshi, wanda ke kan keken guragu ba shi da hanyar shiga jirgi sai 'yar gadar ƙarfe mai naɗewa da ake ajiyewa cikin akwati a tarago na ƙarshe, kuma kwandasta ne kaɗai ke riƙe da makullinta. Don Telmo ba ya busa usur daga bakin ƙofa. Sai ya sauko da ƙafarsa, ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya leƙa har bayan rumfa, sannan ya ba direba izinin tashi. Masu sauri sun sha yi masa ƙorafi, shi kuwa ya kan ce musu jirgin ba gudu zai yi ya bar dogo ba.

Ba za mu iya faɗin hidimarsa ba mu bar bakinsa a baya, domin da shi yake rabin aikin. In ya shimfiɗa wa Shugabarmu gadar, sai ya ce, "Malama, yau ma kin makara, zan rubuta sunanki cikin 'yan makara." Ita kuma ta ce, "Kai da ka gudu daga aji ka bi jirgi, wa ya koya maka rubutun?" Ma'ajinmu, Don Nicanor Ibarra, mai gyaran kayan kiɗa, wanda ba ya gani, shi kuma da ƙarar ƙarfe ake kiransa. Don Telmo zai riƙa ƙwanƙwasa marikin ƙofa da abin huda tikiti har sai ya iso, sannan ya tare shi da tsiya: "Nico, 'yan ƙwallonku sun sha kashi jiya, ka gode Allah da ba ka gani ba." Don Nicanor ya ce, "Na ji a rediyo, tsohon banza, kunnena ƙalau yake. Miƙo min shayin mate ɗin nan kafin ka shanye." Mai sa hannu a wannan takarda ma tana da nata abin tunawa. Ranar da maigidana, Gastón, ya fara fita a kan keken guragu bayan haɗarin babur da ya yi, ya tsaya a kan dakali kansa a sunkuye, yana jin idon kowa a kansa, sai marigayin ya shimfiɗa gadar ya ce, "Ango, shigo mana, ko sai na kawo maka jar darduma da 'yan kaɗe-kaɗe?" Gastón ya fashe da dariya. Wannan ce dariyar farko da na ji daga bakin mijina tun da aka sallamo shi daga asibiti. Daga nan kullum ya gan ni da ɗan littafin soyayya a hannu sai ya leƙo ya ce, "Amarya, sun yi auren kuwa, ko har yanzu ana kuka?"

Ƙungiya na ganin wajibi ne jama'a su san wani abu da marigayin bai taɓa son a faɗa ba. Tun bara ya isa ajiye aiki, iyalinsa sun roƙe shi, likita ya ja masa kunne, amma ya nemi a ƙara masa lokaci. Ya san cewa hukumar da ke sa ido a kan jiragen ƙasa na lardi ta ba kamfanin da ke riƙe da layin izinin gwada tafiyar da jirgi da direba kaɗai, kuma duk kwandastan da ya bar aiki ba a maye gurbinsa. A sabon tsarin, mai buƙatar gada sai ya sanar da ofishin kamfanin tun ana gobe, a turo masa ma'aikaci a mota ya same shi a tasha. Wannan ƙa'ida ta daɗe a manne a jikin rumfar tasharmu. Mu kuwa ba mu taɓa aiki da ita ba, domin muna da Don Telmo. Mun saba mu tashi da safe, mu yi wanka, mu fita kamar kowa, har muka manta cewa a takarda mu mutane ne da sai sun nemi izini kafin su yi tafiya.

Wannan mantuwa ce ta kai mu ga abin da za mu bayyana wa iyalan marigayin a nan, a bainar jama'a, domin sun cancanci su ji shi dalla-dalla. Labarin rasuwar ya iso mana ranar Lahadi da yamma, ofishin kamfanin a rufe. An sa jana'iza washegari da hantsi, kamar yadda muke yi a nan. Da safiyar Litinin muka hallara a kan dakalin Villa Amparo cikin baƙaƙen kaya, masu kekuna a gaba, masu sanduna a baya, da furannin da matan ƙungiya suka haɗa. Babu wanda ya tuna cikinmu cewa mutumin da za mu je binnewa shi ne wanda ke shigar da mu jirgi. Jirgin ya iso, ƙofofi suka buɗe, muka juya gaba ɗaya muna kallon tarago na ƙarshe. Babu wanda ya sauko.

Direban, Don Walter Acuña, wanda ya yi shekaru yana aiki tare da marigayin, ya buɗe tagarsa idanunsa jawur ya ce, "Malama, na rantse da Allah makullin ba ya hannuna. An ce in ba a sanar tun jiya ba, babu gada. Kuma in na bar kujerar nan, aikina ya tafi." Wasu samari cikin fasinjoji suka diro suka kama keken Shugabarmu, amma mai batir ne, nauyinsa ya fi ƙarfinsu, matakalar jirgin ga tsawo, ƙofa kuma tana ta ƙara tana neman rufewa a kansu. Malama ta ce su sauke ta, ta gode musu, ta dubi direban ta ce, "Tafi, ɗana. Akwai masu zuwa jana'izar a ciki, kada ka makarar da su saboda mu." Don Nicanor da sauran masu iya taka matakala suna da damar shiga, aka ce su tafi su wakilce mu, sai ya ce, "Tare muka zo. In Telmo ya gan ni ni kaɗai, abin da zai fara tambayata shi ne ina na baro sauran." Wata baiwar Allah mai kai cuku kasuwa ta karɓi furanninmu ta bakin ƙofa, ba mu ko san sunanta ba. Don Walter ya danna oda, doguwa, har jirgin ya wuce gonakin masara muna jinta. Motar bas da ke bin wannan hanya ba ta ɗaukar keke, saboda haka a kan dakali muka yi tamu addu'ar, a lokacin da muka ƙiyasta ana sa shi a ƙasa.

Ƙungiya ba ta ɗora wa direban laifi, ba ta kuma ɗora wa samarin da suka yi iyakar ƙoƙarinsu. Amma tana kira, cikin ladabi da girmamawa, ga Mai Girma Kwamishinan Sufuri na Lardi, da Shugaban hukumar sa ido da mambobinta, waɗanda za su zauna nan gaba kaɗan don sabunta kwangilar wannan layi, da su rubuta a cikinta ƙarara cewa babu jirgin da zai tashi ba tare da mutum na biyu mai riƙe da makullin gada ba. Rashin lafiyar dare ba ta sanarwa tun ana gobe, haihuwa ba ta yi, mutuwa ba ta yi. Muna roƙon su tambayi kansu, kafin su sa hannu, ko akwai wani ɗan lardin nan da ake cewa ya nemi izini kwana guda kafin ya je binne ubansa.

Ga Doña Herminia da 'ya'yanta, abin da ya fi ci mana rai shi ne abin da muka ji daga baya. Tun da sassafe suka sa aka janye bencinan gaba na cocin Paso del Sauce aka jingine su a bango, domin kekunanmu su samu wuri kusa da akwatin gawar. Aka cika coci, mutane na tsaye har waje, wannan fili kuwa babu kowa a cikinsa har aka gama. An gaya mana cewa Doña Herminia ta yi ta waiwayen ƙofa tana tambayar 'yarta, "Griselda, ina mutanen babanki?" Uwa, muna kan dakali. Ba mantawa muka yi da shi ba, ba kuma wata hidima ce ta sha gabanmu ba. Da Shugabarmu ta kira Doña Herminia a waya don ta ba ta haƙuri, sai ita ce ta koma rarrashin Malama, ta ce, "Ofelia, bar kukan nan. Fada, limamin cocinmu, ya ce a mayar da bencinan, na ce a'a. Suna nan a jikin bango, ba mai taɓa su sai kun zo."

Saboda haka muna sanar da mambobinmu da sauran jama'a cewa Ƙungiya za ta halarci addu'ar cikar wata guda da za a yi wa marigayin a cocin Paso del Sauce. A wannan karo mun sanar da kamfanin, tun yanzu, a rubuce, da sunan kowa da tashar da zai shiga. Har zuwa lokacin fitar da wannan takarda ba mu samu amsa ba. Ko an amsa ko ba a amsa ba, za a same mu a kan dakalin Villa Amparo da safiyar wannan rana, cikin baƙaƙen kayanmu, muna kallon tarago na ƙarshe.

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya jiƙan bawansa Telmo, Ya yafe masa kurakuransa, Ya ba shi hutun da ya hana kansa saboda mu. Ya sanyaya zuciyar Doña Herminia, Ya ƙarfafi Griselda da Noemí da 'ya'yansu, Ya ba su juriyar ɗaukar wannan rashi. Mu kuma da ya bari a tasha, Allah Ya kai mu inda aka ajiye mana wuri. Amin.

Sa hannu:
Lucrecia Albornoz de Ferreyra
Sakatariyar Yaɗa Labarai kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiya,
a madadin Shugaba, Malama Doña Ofelia Carranza, da Kwamitin Zartarwa