Na Ce Ban San Ɗan Da Na Goya Ba

Assalamu alaikum, mai kula da wannan fili, da ku masu karatu. Ina gaishe ku, amma kafin wani ya buɗe baki ya zage ni, ya daure ya ji maganata har ƙarshe. Ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Wata Bayarabiya mai sayar da atamfa, wadda ta tsufa tare da mu a Birnin Kabi, ita ke rubuta mini wannan. Na zaɓe ta ne don ba ta da kowa cikin dangina da za ta kai wa labari. Kada ku sa sunana, sunayen da zan faɗa ma ba na gaskiya ba ne.

Ni Bakaba ce, haihuwar Argungu, a gidan da mata ba su yin aiki baki rufe. Kakata ita ce uwar daɓe ta unguwarmu. In za a yi wa amarya ɗaki, mata su taru da madaɓansu, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, ita ke ba da waƙa saura su amsa, hannu na dukan ƙasa. Tana da waƙa guda da ba ta yi sai daɓe ya kusa kamawa, a cikinta take kiran sunayen uwayenmu mata ɗaya bayan ɗaya, wadda ta haifi wadda, har zuwa kanta. Wannan waƙa ita ce gadona. Wasu sun gaji fadama, wasu sun gaji jirgin ruwa, ni ita na gada. Da aka ba mu jiharmu aka raba mu da Sakkwato, aka neme ni wani gidan rediyo ina yin tatsuniya da waƙoƙin mata, na dawo Gwadangaji da zama. Ku tambayi kowa daga Ambursa har bakin iyaka, in na fara magana mace na barin tuwo ya ƙone.

To akwai Gambi. Bazabarma ce daga tsallaken iyaka, aka kawo ta riƙo wurin kakata tana ƙarama, ko Hausa ba ta ji. Tabarma ɗaya muka kwanta, ni na koya mata riƙon madaɓi, Yaya take ce mini har yau. Da ta isa aure aka mai da ita garinsu, ta auri wani Buzu, ta haifi ɗa, Hima. Da mijin ya rasu ta zo mini da yaron ya yi shekaru a hannuna. Wannan bayan nawa shi ya goya shi. Ya girma yana kaɗa molo, yana naɗa rawani irin na ubansa.

Bara gwamnati ta ce ta yi yarjejeniya da ƙasar su Gambi, za a riƙa musayar al'adu. Aka gayyato mawaƙa daga can don bikin kamun kifi, har da ita da ɗanta, don ita ma waƙa take yi a can. Wa ya sauke su? Ni. Wa ya yanka musu kaji, ya ba ta zanensa na fita? Ni. Ranar wasa ina zaune a rana cikin jama'a, ita tana ƙarƙashin rumfa kusa da manya, sai na ji ta ɗauko waƙar kakata. Da farko har na yi murmushi. Sai ta zo wurin sunaye, ta cire uwayena kaf, ta zuba sunayen matan Zabarmawa. Mai sanarwa kuma ya ɗauki lasifika ya ce jama'a su tafa wa waƙar gargajiya daga ƙasar Nijar. Aka tafa. Matan unguwarmu, waɗanda aka daɓe ɗakunan uwayensu da wannan waƙa, su ma suka tafa.

Da muka koma gida na tambaye ta, tana cire ɗankwali ko kallona ba ta yi ba, ta ce ai can ba wanda ya san su Inna, dole ta sa sunayen da mutanenta za su gane, kuma ita ma a bakin tsohuwa ta ji ta kamar yadda na ji. Kun ji fa. 'Yar riƙo ce ke gaya mini gadonmu ɗaya.

Da abin ya tsaya nan da na haɗiye. Bayan ta koma, sai aka sauko da wata doka daga sama, wai waƙoƙin ƙetare sun cika gidajen rediyo, a rage su, filin gargajiya na 'yan ƙasa ne kawai. Na ce madalla. Na shiga ɗakin ɗaukar murya na fara waƙar kakata don kowa ya ji ta da sunayenta na asali, sai mai shirin ya ɗaga mini hannu ta bayan gilashi. Ya shigo yana sosa ƙeya, ya ce, "Hajiya, wagga ta waje ce. Muna da kaset ɗinta, an rubuta Nijar a jiki." Na ce wa ya rubuta? Ya ce kwamiti. Na ce kwamiti ya taɓa daɓe? Ya ce shi dai ba zai rasa aikinsa kan waƙa ba, in kawo wata. Mutumin da aka haifa ina da jika, shi ke gaya mini kakata baƙuwa ce. Na fito na taka da ƙafa har Gwadangaji, ban ma san na iso ba.

Hima kuwa bai bi uwarsa ba, ya tsaya yana aikin shinkafa a fadamar Ambursa, yana kwana a zaurena in ya shigo gari. Sai rediyo ta fara faɗin cewa akwai wasu masu bindiga can arewacin ƙasarsu, gwamnatinmu ta bi bayan tasu ta ce 'yan ta'adda ne, duk wanda ya tsallako daga can sai an san mai masaukinsa. Ku da kuke nesa da iyaka ba ku san nauyin wannan ba. A wurinmu baƙo ba shi da baki, bakin mai masauki ne nasa. Tun kafin a san wata takardar shaida, in mai masauki ya ce na san shi, magana ta ƙare, in ya yi shiru an gama da baƙo. Ma'aikatan da aka turo ma sun san haka, shi ya sa ba su tambayi Hima komai ba. Ƙofar mai unguwa suka kira ni.

Su biyu ne, babbansu da riga mai aljihu huɗu, mai unguwa na gefe yana jan carbi. Babban ya ce, "Inna, akwai wani mai rawani da ke kwana gidanki. Kin san shi?" Mai unguwa har ya fara dariya, don ya san ni na yaye yaron. Ni kuwa ba fuskar Hima nake gani ba, Gambi nake gani ƙarƙashin rumfa ana tafa mata. Na ce, "Ban san shi ba. Ya roƙi wurin kwana na ba shi don Allah." Da na tsaya nan ma da sauƙi. Amma ni mai labari ce, bakina bai iya barin magana tsirara ba. Na ƙara da cewa wasu masu rawani na zuwa wurinsa, su keɓe, su yi yarensu ƙasa-ƙasa, in na gifta su yi shiru. Masu gadin kasuwa ne, shayi suke dafawa, suna shiru don kunyar tsohuwa. Na sani sarai. Amma na tsara shi yadda ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Carbin mai unguwa ya tsaya a hannunsa, amma bai ƙaryata ni ba, har yau kuma bai tona ni ba. In mun haɗu sai ya amsa gaisuwata yana kallon bango.

A fadama suka ɗauke shi, da laka a ƙafarsa. Ni na zaci za su sa shi mota su ajiye shi bakin iyaka ya koma wurin uwarsa, ta ji ɗacin a ce naka ba naka ba ne. Ina na san za a tsare shi? Ina na san ana maganar miƙa shi ga sojojin ƙasarsu a matsayin ɗan ƙungiyar masu bindigar nan? Wa ya zauna ya yi mana bayanin abin da kalmar nan ta ta'adda take jawowa? Sun zauna a Abuja sun yanke, sun aiko mana da ita ta rediyo tsakanin sanarwar taki da ta rigakafi. Ba ina wanke kaina ba ne. Amma su ma da suka mai da waƙata baƙuwa da alƙalami, suka mai da ɗana ɗan ta'adda da maganar tsohuwa ɗaya mai fushi, ba wanda zai tambaye su komai. Ni kaɗai za ku zaga.

Yanzu Gambi tana ɗakina. Ta ratso ta daji a bayan babur da tsufanta, ta faɗi a ƙofata tana kuka. Ba ta san komai ba. Tana zagin wanda ya yi wa ɗanta sharri, tana roƙon Allah ya tona shi, ni ina cewa amin. Ta je inda ake tsare da shi, an bar ta ta gan shi. Ta ce ya rame, an kwance masa rawani a gaban mutane, alhali ko ni ban ga kansa ba tun da ya balaga. Kuma saƙon da ya ba ta shi ne, a gaya wa Inna, wato ni, kada ta damu, a ce mata molonsa na rataye a zaure kada damshi ya taɓa shi. Babban ma'aikatan nan ya gaya wa Gambi hanya ɗaya ce: mai masauki ta zo da kanta, a maimaita mata abin da ta faɗa a gaban uwar yaron da mai unguwa, in ta tsaya a kai shi ke nan, in ta janye a sake shi, ita kuma ta amsa laifin yi wa hukuma ƙarya. Gambi ta ɗauka gyaran magana ne kawai. Ta dawo da murna tana cewa ai an gama, wa zai ja da bakin Yaya.

In na je, yaron zai fito, wannan na sani. Amma zan tsaya a gaban matar da ta sace uwayena a karanta mini ƙaryata, ta zama ita ce mai gaskiya, ni ce abin nuni. Gidan rediyo zai sallame ni, wataƙila ma a rufe ni. Garin da ke shiru in na yi magana zai riƙa cewa ga tsohuwar da ta sayar da ɗan goyonta. Kuma ita ba wanda zai ce ta ba ni haƙuri, don abin da ta yi mini babu dokar da ta hana. In ban je ba, an ce da zarar babban ya dawo daga tafiyar da ya yi za a wuce da waɗanda ba a tsaya musu ba, kuma wanda aka miƙa can da wannan suna ban ji an ce ya dawo ba.

Kada wani ya rubuto mini wa'azi, na fi ku sanin akwai lahira, na fi ku kusa da ita. Kada kuma a ce in tura wani, ni aka ce. Na gaya wa Gambi ƙafata ce ta kumbura ba na iya takawa, shi ya sa har yanzu ba mu je ba. Kullum da safe sai ta ɗumama man shanu ta zauna ƙasa ta ɗora ƙafar a cinyarta tana murzawa. Yau ta ɗago kai ta ce, "Yaya, in ta ƙi sauka ni zan goya ki har can."

Ƙafata lafiyarta lau. Me zan yi?